Hukunci Kafin Karatu

Akwai irin aikin da malaman adabi ke son ba ɗalibai: a ce su rubuta maƙala a kan ko ya dace a haramta wani littafi. Yaran zangon Parakou da na Djougou, waɗanda ke karatu da Faransanci, sun san tsarin sarai. Za a kawo hujjar masu cewa a hana, a bi ta da hujjar masu cewa a bari, sa'an nan a sasanta su a ƙarshe. Aibin aikin shi ne, yaro yana iya cika shafi uku, ya sami maki mai kyau, bai kuwa buɗe littafin ba.

Abin da ya faru a Kano ya isa misali. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace a hannun 'yan makaranta, bisa zargin suna lalata tarbiyya. An yi wa littattafan kuɗin goro da sunan "na soyayya". Amma wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, ya san ba hirar saurayi da budurwa ba ce. Labarin Rabi ne, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta tara bayan ya yi amarya. Ɗalibin da aka tambaya yadda Rabi ta ciyar da yaran nan, da abin da marubuciyar ta sa ya sami Alhaji daga baya, dole ya koma cikin shafuffukan. Wanda aka tambaya ko a ƙona, ra'ayin gidansu zai kwafo.

Kada masu bi su ɗauka laifin maƙwabta ne kaɗai. A 1956 Mongo Beti na Kamaru ya wallafa Le Pauvre Christ de Bomba, hukumar mulkin mallaka kuwa ta hana shi a Kamaru saboda matsin shugabannin ikkilisiya. Littafin yana da zafi. Ya nuna gidan mishan inda ake ajiye 'yan mata kafin aure, ana sa su aikin wahala, mai kula da su yana lalata da su, Fada Drumont kuma bai gane ba sai da ɓarna ta yi nisa. Sai dai labarin ya fito ne daga bakin Denis, yaron Fada, wanda ke ƙaunar maigidansa, yana faɗin abin da shi kansa bai fahimta ba. Nan ne gwanintar take, muhawarar a hana ko a bari kuwa ba ta kai yaro wurin.

Wasu sukan kafa hujja da Ayyukan Manzanni sura 19, inda aka ƙona littattafan sihiri a Afisa. Masu littattafan ne suka kawo su da hannunsu, bayan sun san abin da ke ciki sun tuba. Wanda ya ƙona rubutun wani shi ne Sarki Yehoyakim a Irmiya sura 36, yana yanka littafin da wuƙa yana jefawa a wuta. Ko shi ma, sai da aka karanta masa.