Phèdre: Matar da Ta San Laifinta

Ranar 1 ga Janairun 1677 aka fara nuna Phèdre, wasan kwaikwayon Jean Racine, a dandamalin Hôtel de Bourgogne a Paris. Labarin aro ne daga Euripides na Girka da Seneca na Rum: Phèdre, matar Sarki Thésée, ta kamu da son ɗan mijinta Hippolyte; aka yi wa saurayin ƙazafi, uban ya yi masa baki, dodo ya fito daga teku ya razana dawakinsa suka ja shi a ƙasa har ya mutu. Abin da ke na Racine shi ne zuciyar da ya sanya wa matar, kuma a ganina daga tarbiyyarsa ya ɗebo ta.

An haife shi a 1639, ya rasa uwa da uba kafin ya cika shekara huɗu. Ya yi karatu a Port-Royal, hannun mabiya Jansen, 'yan Katolika masu tsauri da ke koyar da cewa mutum ba ya kuɓuta daga son zuciya da ƙarfin kansa sai rahamar Ubangiji ta riske shi, kuma ba kowa take riska ba. Duba yadda ya sauya labarin. A wurin Euripides matar ce da kanta ta bar rubutun ƙazafi ta rataye kanta. Racine ya mayar da ƙazafin bakin Œnone, tsohuwar da ta rene ta. Laifin Phèdre shiru ne. Tun farkon wasan ta kwana uku ba ta ci abinci ba, tana neman mutuwa don kada asirinta ya tonu. Ya kuma ƙara budurwa, Aricie, wadda babu ita a wasannin magabatan biyu, kuma nan ne gwanintarsa ta fi fitowa: Phèdre ta zo gaban mijinta don ta ceci yaron, sai ta ji daga bakinsa cewa Hippolyte Aricie yake so. Kishi ya ɗaure mata harshe. Ta san daidai, ta kasa aikata shi, sai da ta sha guba ta faɗi gaskiya.

Za a ce allahiyar da ta jefa ta cikin wannan bala'i Venus ce, ba ruwanta da aƙidar Kirista, kuma Racine ya yi baram-baram da malamansa tun 1666, lokacin da ɗaya daga cikinsu, Pierre Nicole, ya caccaki marubuta wasan kwaikwayo. Gaskiya ne. Haka ma barinsa dandamali bayan Phèdre ba tuba zalla ba ce: a 1677 ɗin ya yi aure, Sarki Louis na 14 kuma ya naɗa shi marubucin tarihin sarki tare da marubuci Boileau, muƙamin da mai son ɗaukaka irinsa ba zai ƙi ba. Amma tsinuwar Venus tana bayyana dalilin son ne kawai. Ba ta bayyana ƙyamar da matar ke yi wa kanta, da tsoron hisabi a gaban mahaifinta Minos, alƙalin matattu. Sannan a gabatarwar wasan Racine da kansa ya nuna fatan sasanta wasan kwaikwayo da masu tsoron Allah da suka la'ance shi. Da ya rasu a 1699, a Port-Royal aka binne shi, bisa wasiyyarsa.