Sarewa: a wane gida za a sa ta?

Duk wanda ya yi lakkol a Tawa ya koyi cewa flûte tana cikin iyalin da Faransanci ke kira les bois, watau kayan itace. Wannan rabo na ƙungiyar makaɗan Turai ne, kuma ko a can bai tsaya da ƙafafunsa ba. Tun 1847 Theobald Boehm ya ƙera flûte ta azurfa, sunan bai sake ba. Saxophone kuwa na tagulla ne, amma yana cikin itacen. In aka juya kalmar zuwa Hausa yadda take don littattafan makarantun harshe biyu, yaron Adar zai tambaya: sarewar kara ko ta bututun roba da makiyayi ke busawa a dajin Keita, ina itacenta? Kalangu da gurmi fa, ba da itace ake yin su ba?

Tsarin Hornbostel da Sachs na 1914 ya fi wannan hankali, domin abin da ke kaɗawa ya ba da sauti shi yake dubawa. Sarewa tana cikin aérophones, a lamba 421, inda iska ke tsagewa a kan bakin bututu. Algaita mai harshe biyu tana 422. Kakaki da ƙaho, masu amo da rawar leɓe, suna 423. Ƙamus ɗin kiɗan Hausa na Ames da King (1971), wanda aka tattara galibi a Zariya da Katsina, wannan hanya ya bi. Ba mu da ja a kan amfaninta ga mai kwatanta kayan ƙasashe.

Sai dai Hausa tana da nata rabo, kuma a aikatau yake, ba a suna ba. Ana kaɗa ganga, ana kaɗa gurmi, har goge, wanda goga shi ake yi, kiɗa ake ce masa. Sarewa, algaita, kakaki, busa su ake yi. Daga nan muka samu makaɗa da mabusa, kaɗe-kaɗe da bushe-bushe. Abin lura shi ne, wannan rabo biyu ya yi kusa ƙwarai da na André Schaeffner (1936), wanda ya ware jiki mai kaɗawa daga iska mai kaɗawa. Bahaushe bai jira Pari ba.

A ganinmu, "kayan busa" ya isa sunan iyali a littafin makaranta. Matsalar da ta rage tana cikin iyalin ne. Lambobi 421 zuwa 423 sun jera sarewa da algaita da kakaki kamar ƴan ɗaki ɗaya, alhali a Adar darajarsu ba ɗaya ba ce: algaita da kakaki na ƙofar sarki ne, kamar fadar Illela, kuma gado ne na mabusa, sarewa kuwa ta mai kiwo ce, kowa na iya yanke kara ya huda ta. Ƙamus ɗin da ya ba da lamba ya bar wannan bayani, rabin ma'anar kalmar kawai ya rubuta.