Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Akwai wata al'ada da ta kama waɗansu masu wa'azi da marubutan ƙananan littattafan tarihi, wato gina asali a kan amon suna. Da zarar sunaye biyu sun yi kama a kunne, sai a ɗaura musu aure nan take, ba sadaki, ba shaidu.

Wanda aka fi ji shi ne cewa Hausa daga Habasha ta fito. Maganar tana da daɗi, gama kowa yana son a haɗa shi da tsohuwar ƙasa mai suna. Amma in an tambayi hujja, ba abin da ake nunawa sai "Ha" na farko da wasalin ƙarshe. Gaskiya ne Hausa da Amharik suna cikin babban gidan harsuna ɗaya, amma dangantakar ta nesa ce ƙwarai, daidai da wadda ke tsakanin Hausa da Larabci ko Ibrananci. 'Yan'uwan Hausa na kusa suna nan a maƙwabta: Gwandara, Bolanci, Angas, Bade. Abin mamaki, mai neman kakanni a Habasha ba ya ko waiwayar waɗannan, wataƙila don ba su da sarauniyar Sheba.

Sunayen ƙasashe ma suna ruɗarwa. Tsohuwar daular Gana tana wajen kudancin Muritaniya da yammacin Mali na yau. Ƙasar da ake kira Gold Coast ta ari sunan ne a 1957, zamanin Kwame Nkrumah. Haka Dahomey ta zama Benin a 1975, alhali masarautar Benin ta tarihi tana cikin Nijeriya.

Inda abin ya fi nauyi shi ne karatun Littafi Mai Tsarki. Kana, inda aka mai da ruwa ya zama ruwan inabi, ƙauye ne a Galili. Kan'ana kuwa ƙasa ce. A Ibrananci ko harafin farko ba ɗaya ba ne. Duk da haka kuskuren ya kama manyan masana. Fassarar Turanci ta Sarki James, ta 1611, ta mai da ɗaya daga cikin manzanni goma sha biyu, Saminu, mutumin Kan'ana. Kalmar da Matiyu da Markus suka rubuta ta Aramiya ce, ma'anarta mai kishi, shi ya sa Luka ya kira shi Zaloti. Wato laƙabin hali aka mayar ƙabila, mutane kuwa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karanta shi haka.

Wani zai ce, ina laifi, ai ba a cuci kowa ba. An cuta mana. La'anar da ke cikin Farawa sura 9 a kan Kan'ana ta faɗi, amma masu cinikin bayi suka jawo ta kan baƙar fata duka, waɗansu har suna kafa hujja da cewa sunan Ham yana kama da kalmomin zafi da baƙi. Da irin wannan karatu aka kwantar wa masu saye da sayar da mutane hankali. Mai wa'azin da ya tsaya gaban jama'a a Maraɗi ko Garwa ko zangon Kumasi ya ce ƙabila kaza daga wuri kaza take don sunansu ya yi kama, hanyar nan ce ya bi, ko da nufinsa yabo ne. Masu sauraro kuma ba su da littafin da za su duba, maganarsa za su kai gida su gaya wa 'ya'yansu.