Manhajar wanke sunayen fayil: ta yi wanki, ta yaga riga

Jama'a, kwanan baya yaron shagona a kasuwar Kafanchan ya sa mini wata manhaja mai gyara sunayen fayil, don in kwashe karatun tafsirin azumi da lissafin bashi daga waya zuwa kwamfuta. Na gwada ta mako biyu, ga abin da na gani.

Gaskiya tana da amfani. Windows ba ya karɓar alamomi tara a sunan fayil, ciki har da alamar tambaya da ɗigo biyu. To na rubuta "Baƙara 2:282", ayar da ta umarce mu da rubuta bashi, kwamfuta ta ƙi karɓa. Manhajar ta sa ɗan layi a gurbin ɗigon, aiki ya wuce. Madalla.

Amma fa ta ɗauki ƙ, ɗ da ɓ a matsayin datti. Wa'azina na "Hukuncin ƙarya" ya koma "Hukuncin karya", wato macen kare! "Kuɗin ƙasa" ya zama "kudin kasa". Wanda ya gaji lissafin nan bayan raina, yaya zai gane fili ake nufi?

Haruffan nan ba su da laifi. Suna cikin tsarin Unicode tun shekarun 1990, kuma Windows na karɓarsu.

Shawarata: ku ajiye kwafi tukuna, ku gwada a kan fayil ɗaya. In ta cire ƙugiya, ku sallame ta. Allah ya sa mu dace.