Sauya wa Wasan Kwaikwayo Muhalli: Darasi Daga West Side Story

A 1957 aka fara nuna West Side Story, wasan waƙa da rawa wanda ya ɗauke labarin Romeo and Juliet daga Verona zuwa New York, ya mai da gabar gidaje biyu ta zama ta ƙungiyoyin samarin titi. A ganinmu, ƙarfinsa shi ne samo gabar da 'yan kallo suka sani. Don haka, mai niyyar dasa shi a Soron Ɗinki, sauya sunaye da tufafi ba zai wadatar da shi ba. Wajibi ne ya nemo rikicin da ya raba dangi a birnin Kano, kamar na NEPU da NPC a shekarun 1950, ya bar kalangu da waƙoƙin siyasa su ɗauki labarin. In ba haka ba, wasan zai zama baƙo cikin rigar aro.