Jadoo na yayye, Krrish na ƙanne, fassara ta 'yan baya

Idan kana son sanin shekarun mutumin Gummi ko Anka ba tare da ka tambaye shi ba, ambaci sunan Hrithik Roshan ka saurari abin da zai fara fitowa daga bakinsa. Wanda ya ce Jadoo ya haura talatin, wataƙila ma yana da ɗa a firamare. Wanda ya ce Krrish, ƙaninsa ne. Wanda kuwa ya kwashe da dariya ya maimaita maka wata baƙar magana da bos ya yaɓa wa akta da Hausar Kano, to wannan a waya ya san labarin, kuma bai taɓa damuwa da yadda muryar Hrithik ta gaskiya take ba.

Labarin ɗaya ne, ya yi rassa. A 2003 Rakesh Roshan ya fitar da Koi... Mil Gaya, ya sa ɗansa Hrithik ya fito a matsayin Rohit, saurayi mai ƙwaƙwalwar yaro, wanda ya taɓa tsohuwar kwamfutar mahaifinsa ya kira halittun sama ba da saninsa ba. Suka zo, suka tafi, suka bar ɗaya a baya, wani ɗan shuɗi mai manyan idanu wanda ba ya cin tuwo sai hasken rana. Shi ne Jadoo. A 2006 aka yi Krrish, ɗan Rohit ya girma a hannun kakarsa, wadda Rekha ta fito a matsayinta, ya je Singafo, ya sa baƙin takunkumi ya ceci yara daga gobara. A 2013 sai ga Krrish 3, inda Vivek Oberoi ya fito a Kaal, mai ƙirƙirar cuta ya sake ta cikin jama'a don ya sayar da maganinta. (Babu Krrish 2. Masu fim ɗin sun ƙirga na Jadoo a matsayin na farko, kuma wannan lissafin ya sa masu tura finafinai sun sha zagi daga yaran da suka rantse an ɓoye musu kashi na biyu.)

A Indiya, rassan ba su tsaya a nan ba. An yi wa Jadoo shirin yara a tashar Nickelodeon a 2004, J Bole Toh Jadoo. An yi katun mai suna Kid Krrish a Cartoon Network a 2013, aka yi littafin zane, aka yi wasan waya. Haka manyan labaran ƙagen kimiyya suke yi ko'ina. Star Wars da ya fara a 1977 yana da masoyan da suka fi son littattafan Timothy Zahn na shekarun 1990 a kan finafinan kansu, da waɗanda katun ɗin The Clone Wars na 2008 ya raina, da 'yan baya da suka shigo ta The Mandalorian a 2019. Da kamfanin Disney ya sayi labarin a 2012, ya kuma ce bayan shekara biyu tsofaffin littattafan ba sa cikin lissafi, an yi ta kumfar baki a Amurka.

Mu a nan yammacin Zamfara waɗancan rassa na Krrish da kamfani ya dasa ba su yi tasiri ba. Wa ke da Cartoon Network a Bukkuyum a 2013, ina wutar ma? Namu rassan mu muka yi abinmu, kuma ra'ayina shi ne sun fi na kamfanin rai.

Reshen farko baki ne. Ka tuna cewa Jadoo ya iso ne bayan an ƙaddamar da shari'a a jihar a 1999, an rufe gidajen sinima, gidan kallo ya zama abin da ake yi a ɗarare. Fim ya koma cikin gida, gidan mai janareta da na'urar faifai, kuma ba kowane yaro ake bari ya shiga ba. Wanda ya samu ya gani, washegari shi ne malami a makaranta. Ba ya jin Indiyanci, saboda haka abin da idonsa ya gani yake ɗauka, ya cike sauran da nasa. A bakin irin waɗannan yara Jadoo ya zama ɗan aljani mai kirki, jirginsa ya zama gari guda, wasan ƙwallon kwandon da Rohit da abokansa yara suka ci ya zama yaƙi. Da yawa daga cikin waɗanda yau suke cewa Jadoo ne gwaninsu sun ji labarinsa sau biyar kafin su gan shi. Abin da suke kewa, idan ka matsa musu, ba fim ɗin Rakesh Roshan ba ne, wancan abokin ne mai iya ba da labari, wanda ya tashi tsaye ya kwaikwayi tafiyar Rohit.

'Yan Krrish ba su da wannan. Su sun samu faifai ya yi arha, sun gani da idonsu, sun ɗaura baƙar leda a wuya sun yi ta dirowa daga katanga. Ba na raina su, amma soyayyarsu ta tsalle ce da duka, kuma duka yana tsufa: da finafinan kudancin Indiya suka shigo, da mutum-mutumin nan Chitti na Rajinikanth ya fito a 2010 yana jan bindigogin 'yan sanda da maganaɗisu, sai tsallen Krrish ya zama wasan yara.

Reshen da ya fi jawo gardama shi ne fassara. Tun farkon shekarun 2010 ɗakunan ɗaukar murya a Kano, wanda aka fi sani cikinsu Algaita, suka fara ɗora Hausa a kan finafinan Indiya, har sunan Algaita ya zama sunan sana'ar gaba ɗaya a bakin masu saye. Manya suna ƙin fassarar. Za ka ji magidanci a majalisa yana cewa, "Wanga ba fim ba na, ɓarna ta." Yaro ya amsa masa, "To Kawu, kai da kake kallon na Indiyanci, mi sunka ce?" Kawu ya yi shiru, don shekara ashirin yana kallo bai wuce kalma goma ba.

Ina bayan yaron. Mai fassara ba tafinta ba ne na kotu da aka rantsar. Yana canza wa mutane suna, yana sa likitan kimiyya ya yi habaici, yana sa mugu ya kawo karin magana kafin ya yi kisa, inda masu fim suka yi shiru shi ya cusa zolaya. Wato abin da wancan yaron na makaranta yake yi, shi ake yi, sai dai yanzu da makirfo. Kuma masu kukan an taɓa asali su tuna cewa asalin ma ba daga sama ya faɗo ba. Duk wanda ya ga E.T. na Steven Spielberg na 1982 zai gane inda Jadoo ya yi kama da wani, yara suna ɓoye baƙon sama, hukuma tana farautarsa. Su kuma Indiyawa suna da tasu hujjar, cewa Satyajit Ray ya rubuta labarin The Alien tun 1967, rubutun ya zaga Amurka ba a yi fim ɗin ba. Kowa ya ɗauka daga wani ya sa gishirinsa.

Inda nake da ƙorafi a kan fassara daban ne. Ba ta iya shiru ba. Mafi kyawun wurare a Koi... Mil Gaya wuraren da ba magana ne, inda uwa take kallon ɗanta da aka wulaƙanta a aji, ko inda Jadoo ya galabaita don ba rana. Mai fassara yana tsoron kada mai kallo ya gaji, sai ya cika wurin da raha, tausayi ya gudu. Na biyu, Kananci kawai take ji. Yaro a Daki Takwas ko Nasarawar Burkullu yana kallon duniya duka, Indiyawa da mutum-mutumi da halittun sama, suna magana kamar 'yan Fagge, ba wanda ya ce "mi" ko "wanga" sai idan ana son a nuna baƙauye. Wannan yana shiga kunnen yaro, yana kuma zama.

Amma ko da ƙorafin, fassarar ce ta tsaya da mutane lokacin da komai ya tsaya. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako, ba YouTube ba WhatsApp, abin da ya rage shi ne memori da ɗan shagon mai tura fim da Xender tsakanin waya da waya. Wanda ya kalli 2.0, ci gaban fim ɗin Chitti, a watannin nan, inda wayoyi suke fizgewa daga hannun mutane su tashi sama, ba ya bukatar a yi masa bayani. Wasan waya na Krrish da kamfani ya yi ba zai yi wa kowa amfani a lokacin ba.

An sanar a 2025 cewa za a yi Krrish 4, Hrithik da kansa zai ba da umarni. Zai iso nan da Hausa, za a sake gardama, ban damu ba. Abin da ya dame ni shi ne muna da namu baƙon saman tun kafin a haifi Hrithik. A 1969, shekarar da aka taka wata, kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba ya zaga da shi sararin samaniya. Magana Jari Ce ya samu wanda ya kai shi talabijin a NTA Kaduna a shekarun 1980, shi ya sa har wanda bai yi boko ba ya san akun labarin. Kilba kuwa mun bar shi a aji. Ga masu karanta littattafan soyayya a YouTube suna cika memori da murya, ga masu zanen katun a Kano da Kaduna, ga masu fassara da suka iya sa mutum-mutumi ya yi zagi. Littafin ɗan siriri ne, karatun yamma biyu ya ishe shi. Mai son yi sai ya fara da zuwa Zariya neman izini.