Karɓe Gonaki da Sunan Maslaha: Sharhi kan Dokar Filaye ta 1978 da Batun Raken Gagarawa

A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar (2015–2023), gwamnatin Jigawa ta ware wa rukunin kamfanonin Lee kimanin hekta 12,000 domin noman rake da sarrafa sukari. Filin ya shafi ƙananan hukumomin Gagarawa da Sule Tankarkar da Garki da Taura. Manoma da dama sun koka kan rasa gonakin gado da kuma ƙanƙantar diyya. Da yawan masu sharhi sun mayar da batun rikicin siyasa, alhali tushen matsalar yana cikin dokar da aka dogara da ita.

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mai riƙe da fili saboda maslahar jama'a, sashe na 51 kuma ya faɗaɗa ma'anar maslahar har ta haɗa da bunƙasa masana'antu da noma. Sashe na 29 ya taƙaita diyya ga abin da ke kan ƙasa, kamar shuka da gini. Saboda haka manomin Ɗanzomo da za a karɓi gonarsa da rani, bayan ya kwashe gero da riɗi, abin da doka ta lissafa masa kaɗan ne ƙwarai. Idan ya ƙi amincewa da kuɗin, sashe na 30 ya tura shi gaban kwamitin da gwamna ne ke naɗa shi.

Fiƙihu bai hana shugaba karɓar mallakar mutum ba idan buƙatar jama'a ta tilasta. Sayyidina Umar ya rushe gidajen da ke kewaye da Masallacin Harami a shekara ta 17 bayan Hijira, amma ya ajiye wa masu su kuɗinsu. Malaman Malikiyya sun halatta tilasta sayarwa domin faɗaɗa masallacin Juma'a ko hanya. A nan gida ma, Shehu Abdullahi bn Fodiyo ya keɓe littafinsa Ta'alimur Radi ga hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a kan ƙasa.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda na 1988, ta gindaya sharuɗɗa: a biya diyya nan take, kada ta gaza farashin kasuwa, shugaba ko wakilinsa ne zai karɓa, buƙatar ta zama ta kowa da kowa, kuma kada a juya abin da aka karɓa zuwa harkar zuba jari. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne dokar 1978 ta yi wa karan tsaye. Masallaci da hanya kowa na shigarsu. Ribar kamfani kuwa ta masu hannun jari ce.

Masu kare shirin suna kafa hujja da ayyukan yi da rage shigo da sukari daga waje, kuma hujja ce mai nauyi a yankin da matasa ke tafiya cirani. Sai dai samun amfani ba ya halatta dukiyar mutum ba tare da yardarsa ba. Shari'a ta tanadi ijara da musharaka, inda manomi zai bayar da haya ko ya shiga da gonarsa a matsayin jari, asalin mallaka ya tsaya a hannun magada.

Wani abin lura shi ne sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya iyakance hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure da gado da wasiyya da waƙafi da makamantansu. Alƙali zai raba gona tsakanin marayu bisa fara'id, amma ba shi da ta cewa ranar da aka soke haƙƙinsu a kanta. Tun da sashe na 315 ya sa gyara dokar filaye sai da matakan gyaran Tsarin Mulki, abin da ya fi kusa shi ne Majalisar Dokokin Jigawa ta wajabta neman yardar manoma da tsarin haya kafin a miƙa wa kamfani gonar kowa. Nauyin tsara wannan a harshen doka yana kan malaman fiƙihu da lauyoyin Musulmi.

Allah ne mafi sani.